Sassa huɗu, wata 12: yadda sabon likita zai ci moriyar aikin hawus a Bauchi

Ranar da aka rantsar da kai aka ba ka lasisin wucin gadi, ranar agogonka ya fara tafiya. Shekara biyu hukumar MDCN, mai kula da rajistar likitoci a Najeriya, ta yanka wa wannan lasisi, kuma a cikinsu ake so ka fara aikin hawus ka gama shi: wata 12 a asibitin da hukumar ta amince da shi, ƙarƙashin manyan likitoci. Wanda ya yi sake har wa'adin ya cika bai kammala ba, sai ya zauna jarrabawar hukumar kafin a saurare shi. Don haka idan an gama walima a gida, dangi sun yi ta kiranka Dakta har ka fara sabawa, kada hutun ya zarce.

Ni likitar yara ce a nan Bauchi, ina matakin babbar rajistira, wato ina horon ƙwarewa ƙarƙashin konsaltan, babban likitan sashe, kuma rukuni-rukuni sababbin likitoci ke ratsawa ta ɗakinmu. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma ƙanwata, har da ke nake. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne bambancin da nake gani tsakanin mutum biyu da suka shigo rana ɗaya suka fita rana ɗaya. Dukansu sun yi kol, wato aikin kwana a asibiti, dukansu sun rame. Ɗaya zan iya bar masa ɗakin gaggawa in runtsa; ɗayan kuwa ya ƙware a neman folda da bin sakamakon gwaji, shi ke nan. Ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba su ba. Aikin hawus kamar zaman yaron mota yake: sai ka shekara kana loda kaya kana karɓar kuɗin fasinja ba ka taɓa sitiyari ba, in dai ba kai ka matsa kusa da direba kana kallon hannunsa kana tambaya ba. A Ingila shekara biyu sabon likita yake yi yana zagaya sassa wata huɗu-huɗu, har akwai wani layi da ake ware wa mutum wata huɗu cur don bincike ko koyarwa. Mu nan ko yini ɗaya ba mai ware maka. Karatun yana binne a cikin aikin, kai za ka tono abinka.

Samun gurbi da shirin shiga

Tun 2021 hukumar ce da kanta ke raba guraben asibitocin tarayya ta shafinta na intanet, ita ce kuma ke biyan albashi. A yankinmu akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wanda na jiha ne kafin gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 2010, akwai na tarayya da ke Azare, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Guraben ba sa jira: sai su bayyana, kafin ka gama neman inda ka ajiye hoton takardar makarantarka an kwashe. Ka ɗauki hoton duk takardunka tun da wuri, ka tara su wuri ɗaya a waya, ka kasance da data. Asibitocin jiha su ke ɗaukar nasu da kansu. Kafin ka karɓi takardarsu ka tabbatar hukumar ta amince da su, kuma kana cikin adadin da aka yarje musu. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ko wata ƙasa, sai ya fara cin jarrabawar tantancewa ta hukumar. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, rabu da shi.

Ra'ayina, kuma ban ce kowa sai ya yarda ba: zaman jiran gurbi a Abuja asarar watanni ne. A nan marasa lafiya sun fi hannuwan da ke kula da su yawa, abin da ke nufin wahala, amma kuma yana nufin za a miƙa maka allura da zare tun kana sabo.

Kafin ka fara, ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B idan ba ka yi ba. Allura uku ce, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ka nemi ɗaki a cikin asibiti ko inda za ka taka da ƙafa, domin ƙarfe biyun dare ba ka da tabbacin Keke Napep daga Yelwa ko Fadaman Mada. A aljihu: abin sauraren ƙirji, ɗan abin awon iska na yatsa, tocila, tef na awo, biro biyu don ɗaya sai an ara ba a dawo da shi ba, abin cajin waya, da ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi. Takalmi rufaffe. Jini da ruwan nakuda ba su san silifas mai tsada ba.

Satin farko a kowane sashe

Za a zagaya da kai sassa huɗu, sati 12 kowanne: cututtukan manya, tiyata, yara, sai mata da haihuwa. Duk inda ka sauka, kafin ka nemi ofishin konsaltan ka nemi metiron ɗin ɗakin, wato shugabar nas-nas, ka gaishe ta gaisuwa ta mutunci, ka faɗi sunanka ba tare da ka jingina masa Dakta ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Nas ɗin da ta shekara ashirin a ɗakin jarirai za ta sami jijiyar da ka yi rabin awa kana lalube, kuma idan ta ce maka "Likita, yaron gado na shida bai yi min ba," ka ajiye abin da kake yi ka je, ko da awonsa na ƙarshe lafiya lau ne.

Daga nan ka zagaya ɗakin da ƙafarka. Ina tukunyar oksijin, wa ke riƙe da sifanar buɗe ta? Ina jakar hura numfashi, kuma akwai ta yara? Makullin kabad ɗin magungunan gaggawa yana hannun wa da dare? Ta wace hanya ake zuwa ma'ajiyar jini idan an kulle ƙofar tsakiya? Idan wuta ta ɗauke, wane soket ne ke kan sola? Ba ranar da mutum ke shure-shure a gabanka za ka fara waɗannan tambayoyin ba.

Littafin aljihu da kiran na gaba

Ga dabarar da nake ɗora duk wanda ya zo hannuna a kai. A cikin tarin marasa lafiyar da ka karɓa a kol, ka zaɓi ɗaya ko biyu su zama naka har ƙarshe. Ka rubuta a littafinka, ba da suna ba: me ka zata yana damunsa a daren da ya zo, me rajistira ya ce, me konsaltan ya ce da safe, me gwaji ya nuna, yaya aka ƙare. Ko an mayar da shi wani ɗaki, ka bi shi. Idan an shiga da shi tiyata ka roƙa a bar ka ka leƙa. A daren ko washegari ka karanta shafi biyu a kan ciwonsa, biyu kawai, don na san idan na ce babi guda barci zai kwashe ka a shafin farko. Abin da ka karanta da fuskar mutum a ranka ba ya gudu. Bayan wata uku ka waiwayi littafin, za ka ga inda zatonka ke yawan kaucewa, kuma wannan ba malamin da zai iya nuna maka shi.

Sai kiran na gaba da kai. Sababbi suna jin nauyin tashin rajistira, suna tsoron a ce ba su iya ba. Faɗan da za a yi maka don ka kira a kan ƙaramin abu, zuwa azahar an manta. Wanda za a yi maka don ba ka kira ba, har taron bitar mace-mace zai bi ka. Amma kira ma iyawa ne. Kada ka buga ka ce "Chif, akwai wata yarinya ba ta da lafiya sosai." Ka duba ta tukuna, ka auna abin aunawa, ka fara abin da ka iya, sannan ka ce:

"Chif, barka da dare, hawus ofisa ne daga ɗakin gaggawa na yara. Yarinya ce 'yar shekara uku, kilo 11, zazzaɓi kwana uku, ta yi jijjiga sau biyu a gida, yanzu ba ta cikin hayyacinta. Sugarta 2.1, na ba ta ruwan suga na dekstros. Awon yawan jininta, PCV, 14 ne, gwajin maleriya ya nuna akwai. Na ba ta allurar maleriya ta atesunet, na aika a haɗa jini. Numfashinta ne ke ba ni tsoro, ina so ki zo ki gani."

Wanda ya kira ni haka, kafin ya ajiye waya na sa hijabi. Kuma ka rubuta a folda lokacin da ka kira da abin da aka ce maka, da kwanan wata da sunanka yadda za a iya karantawa.

Haka gabatarwar safe take. Taron bitar kol ba wurin karanto folda daga bango zuwa bango ba ne. Ka faɗi wane ne, me ya kawo shi, me ka samu, me kake zato da dalilinka, me aka yi, yaya ya kwana. Idan an tambaye ka abin da ba ka duba ba, ka ce ba ka duba ba. Konsaltan yana yafe rashin sani. Ƙirƙiro awon hawan jinin da ba a yi ba kuwa, daga ranar ya daina yarda da duk abin da ka rubuta.

Ɗakin yara

A nan zan daɗe, don nan ne gidana. Abu na farko, sikeli. Kowane magani a wurinmu da nauyi ake lissafa shi, kuma ƙiyasin ido yana yaudara ƙwarai a garin da tamowa ta yi yawa: yaron da ka ɗauka ɗan shekara ɗaya ne sai uwar ta ce ya yi uku.

Maleriya mai tsanani za ka gan ta har ka gaji, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Atesunet ta jijiya miligiram 2.4 ne a kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi. A ba shi yanzu, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, in ya fara iya haɗiya a cika masa da cikakken maganin baki na kwana uku. Ka haɗa da hannunka ko sau ɗaya ne: kwalbar miligiram 60, ka zuba mata mil 1 na ruwan bikabonet da ke cikin kwalin, ka girgiza har ta washe tas, ka ƙara mil 5 na ruwan gishiri, kowane mil ya zama miligiram 10. Yarinyar can mai kilo 11, mil 3.3 ke nan. Duk yaron da ya zo a sume ko yana jijjiga, ka auna sugarsa kafin komai. Idan babu abin awo, ka ba shi dekstros mai kashi 10, mil 5 a kowane kilo, ba a jira.

Mai tamowa kuwa kusan duk abin da hannunka ya saba yi sai ka sassauta shi. Dantsen da bai kai santimita 11.5 ba a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ko kumburin ƙafa biyu, tamowa mai tsanani ke nan. Za ka gan shi a yamushe ka ce ruwa yake so, ka sakar masa ledar ƙarin ruwa, zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ta baki ake bi a hankali, a fara da madarar F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana, a lulluɓe shi don sanyin asubar hunturu kaɗai ya isa ya tafi da shi, kuma ba a fara masa maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kwanakin farko.

Wajen ɗaukar bayani, ka tambayi abin da aka yi a gida ba tare da ka ɗaure fuska ba. An kai shi wurin wanzami an cire beli? Me aka shafa a cibiya, ana gasa ta? Akwai kafur a cikin kayan jaririn nan da idonsa ya yi rawaya? Wane jiƙo aka ɗura masa, me aka saya a kemis? Uwar da ka daka wa tsawa a tambayar farko, sauran amsoshin duk "a'a" za su zama. Sau da yawa ma ba ita ke yanke shawara ba. Kakar da ke zaune a bakin ƙofa da buta ita ce za ka shawo kanta, ka ce mata "Baba" ko "Hajiya" ka yi mata bayani kamar yadda za ka yi wa taka. Kuma ba kowa ne Hausa ta zauna wa a baki ba. Bafulatanar da ta fito daga rugar Alkaleri ko Darazo tana iya gyaɗa maka kai alhali rabin maganarka ta wuce ta. Ka nemo mai jin Fulatanci cikin ma'aikata, ka kuma sa ta maimaita maka yadda za ta ba da maganin.

Akwai abin da ba a koyarwa a aji: rubuta takardar saye. Uba zai karɓi takardarka mai abu tara, ya fita, ya tsaya a baranda ya zaro kuɗin da ke aljihun gaban rigarsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Idan ba ka nuna masa na farko ba, mai kantin magani ne zai zaɓar masa, ko ya dawo da sirof ɗin bitamin ya bar allurar da ake jira. Ka yi wa abu biyu ko uku alama ka ce, "Malam, waɗannan yanzu-yanzu, sauran zuwa gobe." Kafin ka rubuta kowane gwaji ka tambayi kanka ko sakamakonsa zai sauya abin da za ka yi. Ka kuma san ofishin jin daɗin marasa lafiya da abin da ake bayarwa kyauta.

Mata da haihuwa

Nan ne za ka fi rashin barci, nan ne kuma minti biyar ke raba rai da mutuwa. Jijjigar masu ciki da zubar jini bayan haihuwa, waɗannan biyun ka haddace su kamar karatun allo.

Za a shigo da ita a kan tabarma ko a bayan a-kori-kura, yarinya mai cikin fari, harshe a tattaune. Ka kwantar da ita ta gefen hagu, ka kula da hanyar numfashi, ka sa kanula, robar da ake sa wa a jijiya. Maganin jijjigar shi ne maganeziyam salfet mai kashi 50: giram 4, wato mil 8, ka ƙara masa mil 12 na ruwan allura ya zama mil 20, ka tura ta jijiya a hankali kana kallon agogo, kada ya gaza minti biyar. Sannan giram 5, mil 10, can cikin tsokar kowane ɗuwawu. Bayan haka giram 5 duk awa huɗu, ana sauya gefe. Inda ake sakaci shi ne kafin kowace allura ta gaba: a buga gwiwa a ga tana harbawa, a ƙirga numfashi, a duba fitsarin da ke jaka ya kai mil 30 a awa. Kalsiyam gulukonet shi ne makarinsa. Ka san inda yake tun kafin ka buɗe kwalbar farko.

Zubar jini kuwa ido yana raina shi, zani da katifa suna shanyewa. Mil 500 ne ma'aunin, amma bugun zuciyarta zai gaya maka kafin awon hawan jini ya faɗi. Ka murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, allurar tsayar da jini ta taranekzamik asid giram 1 cikin awa uku da haihuwa, ruwa ta babbar kanula, ka duba yagewa da ragowar mabiyiya, kana yi kana kiran na gaba. Maganar masu ba da jini tun da aka shigo ake fara ta, domin 'yan rakiya goma da suka cika baranda suna iya zama biyu da zarar an ambaci jini. Wadda ta daɗe tana nakuda kan ɗa ya toshe, kada a yi saurin cire mata robar fitsari. Wanda ya taɓa ziyartar cibiyar masu yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kai namiji, kada ka duba mace sai da izininta kuma da nas ko ungozoma a tsaye. Ka roƙi ungozomomi su bar ka ka karɓi haihuwa ta lafiya da hannunka, ka ɗinke ƙari. Su ne malamanka a wannan.

Tiyata da cututtukan manya

A tiyata ka fito da hannu: ɗinki, robar fitsari, robar hanci, tsaga maruru, gyara mara lafiya da ruwa kafin a shiga da shi. Za ka ga hanjin da taifot ya huda, da 'yan acaɓa da fasinjojin titin Jos da na Ningi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce wanda aka harba a fara yi masa magani ba sai da takardar 'yan sanda ba, sannan a sanar da su.

A ɗakin manya hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, ƙoda, hanta da tarin fuka su ne abincin yau da gobe. Amma abin da nake so ya zauna maka a rai shi ne zazzaɓin Lassa. Bauchi tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa a rahotannin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, tare da Ondo da Edo, kuma ya fi tashi da rani. Ba da jini yake fara zuwa ba. Yawanci zazzaɓi ne da kasala da ciwon maƙogwaro, an sha maganin maleriya an sha na taifot bai sauka ba. Mai irin wannan labari daga Toro ko Kirfi ko cikin gari, ko mai ciki da zazzaɓi da ɓari, ka sa safar hannu, ka ware shi, ka sanar. Ribabirin, maganin da ake ba mai Lassa, ya fi amfani idan an fara da wuri. Ma'aikatan lafiya sun rasu ta wannan hanya a ƙasar nan. Idan ka taɓa wanda aka tabbatar yana da shi za a sa maka ido kwana 21, in kuma kai ka ji zazzaɓi kada ka shige ɗaki ka yi ta haɗiyar magani a ɓoye. Allura ta soke ka? Wanke da ruwa da sabulu, ka kai rahoto a daren, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28.

Saran maciji lokacin shuka da girbi yake yawa, kuma kububuwa ce ta fi ɓarna a yankinmu. Kaltungo a jihar Gombe har asibiti guda gare ta don wannan. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: mil 2 na jini a kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya, ba roba ba, ka ajiye minti 20 ba ka taɓa ba, ka karkata. In bai daskare ba, dafi ya shiga jini, maganin dafi ake nema.

Ka lura, lokacin da ka faɗa kowane sashe shi ke yanke abin da za ka gani. Wanda ya yi ɗakin yara da zafi zai sha ƙyanda da sanƙarau, wanda ya yi da damina zai sha maleriya da amai da gudawa. Abin da zagayenka ya tsallake, ka ce abokanka su kira ka idan ya zo.

Ɗan binciken da ya dace da ƙarfinka

Kowane sashe yana da ranar gabatar da darasi, da bitar mace-mace, da babban taron asibiti. Yawancin hawus ofisoshi ɓuya suke kada a ba su gabatarwa. Kai ka karɓa, ko sau ɗaya a kowane sashe, ka gina ta a kan mara lafiyar da ke littafinka, ba a kan allunan da ka kwafo daga intanet ba.

Idan kana da sha'awar koyarwa ko bincike nan gaba, kada ka fara da babban buri. Ka ɗauki tambaya ƙarama da folda za ta iya amsawa. Misali: daga isowar yaro mai maleriya mai tsanani zuwa allurar farko, minti nawa ake ɗauka, kuma a ina lokacin ke tafiya, wurin yankar kati ne ko wurin saye? Ko: cikin matan da aka ba maganeziyam, nawa aka rubuta musu awon gwiwa da numfashi kafin allura ta gaba? Ka sami rajistira ɗaya mai son abin, ku kai wa konsaltan, ku nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti kafin ku taɓa folda ko ɗaya. Ku yi maganar jerin sunaye tun ranar farko, wa zai zo farko wa zai zo ƙarshe. Abota da yawa ta mutu a kan wannan. Ka tattara a Excel ba da sunan kowa ba, ka gabatar a sashe, ka kai taron kimiyya na ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa (ARD) ta asibitinku. In ya yi kyau, akwai mujallu irin su Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine. Wadda ta aiko maka imel tana yabonka tana alkawarin bugawa cikin sati ɗaya in ka biya dala, ba mujalla ba ce, kasuwa ce. Rahoton ciwon da ba a saba gani ba ma hanya ce, da sharaɗin izinin mai shi a rubuce. Hoton mara lafiya kuma ba ya hawa WhatsApp ko TikTok, ko an rufe ido. A garin nan zanin mutum kaɗai ya isa a gane shi.

Jiki, aljihu, da sa hannu

Ka ci abinci kafin rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, don ba ka san lokacin da zai ƙare ba. Masa biyar da shayi a bakin get sun fi alkawarin "in an gama". Sallah da bacci, ku tsara karɓa-karɓa da abokin kol. Ranar da ka fara rasa mara lafiyar da ka saba da shi, ka sami wanda za ka yi magana da shi, kada ka haɗiye. Albashin farko yakan yi jinkiri, har bashin albashin hawus ofisoshi yana cikin dalilan yajin aikin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa (NARD) na Afrilun 2021, saboda haka ka shigo da ɗan guzuri, ka kuma gaya wa gida gaskiya kafin a fara turo maka kuɗin makarantar ƙanne. Lasisinka bai ba ka damar zama kai kaɗai a asibitin kuɗi da yamma ba. In abu ya ɓaci a can, ba mai tsaya maka.

Sati 12 ɗin nan a jere ake son su. Rashin lafiya, haihuwa, yajin aiki ko fashin kol suna iya jawo a ƙara maka makonni ko a ce ka maimaita sashen, don haka duk abin da ka hango ka sanar a rubuce da wuri, musamman idan ka fara aikin a makare cikin shekara biyun. Littafin ayyukan da ake sa wa hannu, a sa maka a ranar da ka yi aikin. Takardar kammala kowane sashe kuma ka bi ta a satinka na ƙarshe a sashen, ba a fafe gora ranar tafiya: konsaltan ɗin da kake jira yana iya tafiya Umara ko duba jarrabawa a Ibadan, kai kuma da waɗannan takardu huɗu za ka nemi cikakkiyar rajista kafin bautar ƙasa, inda wataƙila kai kaɗai ne likita a babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Wata biyu kafin ka gama, ka buɗe littafin ka ga abin da har yanzu ba ka yi da hannunka ba, ɗiban ruwan baya ne ko sa robar ƙirji ko wankin ciki bayan ɓari, ka je wurin rajistiran sashen ka ce a kira ka ko ba ranar kol ɗinka ba ce. Kowace takarda da aka sa wa hannu ka ɗauki hotonta, ka yi kwafi biyu, ka kai ɗaya gida.